Littafin dangi: ina bin diddigin sunayen 'yan uwa a yaren Fotugis

18 ga Fabrairu 2024

Yau na sayi littafi mai shafi 80 na ja layi uku a kowane shafi, ɗaya na kalmar Fotugis, ɗaya na inda ta fito, ɗaya na Hausarta. Abun da ya jawo haka kuwa ɗazu ne wajen cin abincin rana. Matar da nake haya a gidanta nan Birazil duk Lahadi 'ya'yanta da jikoki sai sun taru, ita kuma tun watan da na tare take ce mun meu filho, wato ɗana, ni kuma ina ce mata a senhora don nan ba a ce ma babba você kai tsaye a gidan da ke da tarbiyya. To yau tace in nuna mata mutanen gidanmu, na buɗe hoton sallar bara a waya na fara nunawa. Na zo kan Kawu nace tio. Na zo kan Baffa nace tio. Gwaggo tia, Inna ma tia. Ta gyaɗa kai tace kai kana da tio da yawa, aka wuce, amma ni abun ya tsaya mun a rai wallahi, domin Kawun nan shi ya riƙe ni tun ina aji uku bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sayar da shanunsa biyu aka haɗa kuɗin jirgi, kuma a bakin Fotugis shi da maƙwabcin da yara ke gaisarwa a titi duk suna ɗaya ne, tio.

Niyyata in tattara kalmomi 40 na dangantaka in bi kowace zuwa tushenta. In ya kammala zan buga shi a kwamfuta in ajiye ma ƙannenmu masu zuwa karatu nan.

25 ga Fabrairu

Na fara da uwa da uba. Pai da mãe. Duk daga Latin suke, yaren Rumawa da suka shigo yankin da ake kira Sifen da Fotugal yanzu tun shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa. Pater da mater ne asalin, a tsohon Fotugis kuma padre da madre ake cewa kamar yadda Sifaniyawa ke faɗa har gobe, in ka duba tsofaffin waƙoƙin ƙarni na 13 budurwa mia madre take ce ma mahaifiyarta. Sai baki ya dinga cinye tsakiyar kalmar har ya rage pai da mai, sannan m ɗin farko ya ja sautin ya bi ta hanci ya zama mãe. Abun da ya burge ni shi ne tsofaffin kalmomin ba su mutu ba, coci suka koma. Padre yau limamin Katolika ne, madre kuma shugabar mata masu zaman zuhudu.

Wani tarko da ya kamata duk sabon zuwa ya sani: parente ba mahaifi bane, ɗan dangi ne kawai kowane iri. Iyaye kuwa pais ake cewa, jam'in uba, in ka ɗora 'yar karan alama kan i ɗin ya zama país to ƙasa kake nufi.

Kalma 5 yau har da filho da filha, daga filius da filia.

3 ga Maris

Na koma kan filho saboda lh ɗin nan. Na samu rubutun wasiyyar Sarki Afonso na 2 na Fotugal, ta shekarar 1214, tana cikin mafi tsufan takardun da aka rubuta da Fotugis, kuma tun layukan farko yana maganar iyalinsa ne, ya rubuta mia molier da meus filios, matata da 'ya'yana. Babu lh a ciki ko ɗaya, don a lokacin ba a kai ga aro wannan salon rubutun ba, daga baya cikin ƙarnin ne aka ɗauko lh da nh daga marubutan kudancin Faransa. Yau mulher da filhos ake rubutawa. Na jima ina kallon layin nan, sarki guda yana tsoron ranar mutuwarsa yana lissafa wanda zai gaje shi, da kalmomin da mai gidan hayarmu ke kiran yaranta da su in ta leƙo ta taga.

Na ƙara família. Ita wannan tushenta famulus ne, bara ko bawan gida, wato a wajen Rumawa familia duk wanda ke ƙarƙashin maigida ne har da bayi. A layin Hausa na rubuta iyali, kuma ita ma aro ce daga Larabci, waɗanda ciyarwarsu ke wuyanka.

9 ga Maris

Irmão. Wannan ta ci mun kwana huɗu kuma ban yi da na sani ba.

A Latin ɗan'uwa frater ne, 'yar'uwa soror. Faransawa sun riƙe su, frère da soeur, Italiyawa fratello da sorella. To ina irmão ta fito? Ashe Rumawa in suna so su bambanta ɗan'uwan da kuke uwa ɗaya uba ɗaya sai su ce frater germanus, germanus ɗin daga germen, tsiro ko iri, wato ɗan'uwa na tsatso ɗaya. Mutanen yankin Sifen da Fotugal sai suka yar da frater suka riƙe siffar kaɗai, Sifaniyanci ya ba da hermano, Fotugis ya ba da irmão da irmã. Kamar ace mu Hausawa mu daina cewa ɗan'uwa gaba ɗaya mu koma shaƙiƙi kawai, har bayan shekara dubu a manta shaƙiƙi na da wata ma'ana ta musamman. Frater kuma ya bi sahun padre ya shige coci, frade da frei sunan 'yan zuhudu maza ne, soror ta zama sóror, sunan 'yan zuhudu mata.

Hancin da ke ƙarshen kalmar ma akwai dalilinsa. Fotugis yana da ɗabi'ar haɗiye n in ta faɗo tsakanin wasula biyu, sai ta bar ƙamshinta a hanci ko ta ɓace ɗungurungum. Germana ta zama irmã, manus hannu ya zama mão, lana ulu ya zama lã, luna wata ya zama lua. Da na gane wannan sai kalmomi da yawa da nake haddacewa da ƙyar suka fara zama da kansu.

Sai kuma abun da ya sa na miƙe tsaye daga kujera. A dokar gadon Fotugal har yau akwai irmãos germanos, da consanguíneos, da uterinos. Na farko uwa ɗaya uba ɗaya, na biyu uba ɗaya, na uku uwa ɗaya. Wannan ai shi ne shaƙiƙi da li'abi da li'ummi da malam ya karantar da mu a babin gado a zaure! Kuma ka duba namu, ɗan'uwa a zahirinsa ɗan uwa ne, shi ya zama sunan kowa da kowa na jini har da wanda ba jini ba, ɗan uba kuwa kowa ya san abun da ake nufi in an ce ana 'yan ubanci. Inda Fotugis ya gaza mu shi ne babba da ƙarami. Ba su da yaya ba su da ƙane, sai dai su ce irmão mais velho ko mais novo, kuma ƙaramin yaro gatsau yake kiran sunan wansa, har yanzu kunnena bai saba ba.

24 ga Maris

Azumi ga jarabawa, aikin ya tsaya. Kalma 2 kawai, viúva daga vidua, matar da mijinta ya rasu, da órfão maraya, wadda Latin ya aro daga Girkanci. Jimla 14.

14 ga Afrilu

An sha ruwa lafiya, na dawo. Yau na kai ga kalmar da ta sa na sayi littafin.

Tio da tia ba asalin Latin bane. Daga Girkanci suke, theios da theia, suka shigo Latin na ƙarshe-ƙarshe a matsayin thius da thia. Wani malamin coci na birnin Sabiya a Sifen, Isidoro, wanda ya rasu a shekarar 636, ya rubuta ƙarara cewa kalmar ta Girkawa ce, kenan a zamaninsa ana jin baƙuntarta. Italiyanci ma ita ya ɗauka, zio da zia.

To kafin zuwanta me Rumawa ke cewa? Nan ne jikina yayi sanyi. Kalma huɗu gare su cif. Patruus ɗan'uwan uba. Avunculus ɗan'uwan uwa. Amita 'yar'uwar uba. Matertera 'yar'uwar uwa. Na jera su a shafi na rubuta a gefe Baffa, Kawu, Gwaggo, Inna, kowace ta zauna daram a gurbinta ba gyara. Wato mutanen da suka haifi wannan yaren sun taɓa ganin dangi yadda muke gani, sun san ɓangaren uba daban na uwa daban, kowa da haƙƙinsa da irin zaman da ake yi da shi, sai jikokinsu suka ɗauko kalmar baƙi guda ɗaya suka rufe duka huɗun da ita. Faransawa sun tsira da biyu, oncle daga avunculus, tante daga amita, amma su ma sun game ɓangarorin.

Kuma avunculus ma'anarta ƙaramin kaka, daga avus. Duk wanda ya tashi a hannun kawu ya san dalilin wannan suna ba sai an yi mai bayani ba, akwai wani sassauci a wajen kawu da ba ka samu a wajen baffa, baffa uba ne, shi ke ɗaura maka aure shi ke tsawata maka, kawu kuwa wajensa kake gudu in gida yayi zafi.

Amma gaskiya ɗaya da dole in rubuta, kar in zauna ina ganin laifin Fotugis kan aro. Kawu da baffa da gwaggo ɗin da nake tinƙaho da su mu ma daga Fulatanci muka same su, kaawu, bappa, goggo. Zama tare da auratayya suka kawo su bakinmu. Da can ina ɗauka sunayen dangi su ne ƙashin bayan yare da ba ya motsi, a aro sunan mota da sukari amma ba a aro sunan ɗan'uwan uwa. Ga shi yare biyu da ba su san juna ba duk sun aro shi. Bambancin kawai mu aron ya zo mana da rarrabewa, su nasu ya share ta.

21 ga Afrilu

Avô da avó. A rubuce alama ce kawai ta raba su, a baki kuma avô baki a tsuke, namiji, avó baki a buɗe, mace. Jikar gidan 'yar shekara 6 ta zaunar da ni a tsakar gida tana maimaita mun vovô, vovó, tana nuna mun bakinta da yatsa har na kama. Tushensu aviolus da aviola, ƙaramtawa ce ta shagwaɓa daga avus da avia, sai l ɗin tsakiya ya faɗi kamar yadda n ke faɗuwa. Sifaniyanci bai yar da shi ba shi ya sa suke da abuelo. A nan mu ne muka game, kaka ɗaya gare mu mace da namiji. Daga nan sai hawa, bisavô, trisavô, a bakin mutane kuma tataravô, mu muna da tattaɓa kunne ta ɓangaren gangarowa.

Neto da neta jika. Macen ce ta fara zuwa, daga neptis, sannan aka ƙera namijin a kanta. Nepos na Latin yana ɗaukar jika daga baya kuma har ɗan ɗan'uwa, daga zuriyarsa aka samu nepotismo, fifita dangi a muƙami, sunan ya samo asali ne daga yadda wasu Fafaroma ke naɗa 'ya'yan 'yan uwansu manyan kujerun coci.

Primo ta ba ni mamaki, ma'anarta na farko kawai. Cikakken zancen consobrinus primus ne, aka yar da sunan aka riƙe lambar, irin dai abun da ya faru da germanus. Faransawa suka riƙe ɗaya rabin ya zama cousin. Shi kuma sobrinus da yake ɗan'uwa ne na nesa kaɗan a tsara ɗaya, sai ya zame ƙasa da hawa guda ya zama sobrinho, ɗan wa ko ɗan ƙane. A layin Hausa na primo na rasa kalma ɗaya da zan sa, domin ɗan baffana ɗan'uwana ne kawai, ɗan gwaggo ko ɗan kawu kuma taubashi ne abokin wasa. Na rubuta duka biyun.

Jimla 25.

12 ga Mayu

Yau ranar uwaye ce a nan, Lahadi ta biyu a Mayu, gida ya cika har da surukai, na samu damar ganin kalmomin suna yawo da ƙafafunsu. Sogro da sogra iyayen miji ko na mata, daga socer da socrus. Genro mijin 'ya daga gener, nora matar ɗa daga nurus. Waɗannan huɗun sun taho tun daga Rum kusan ba su canza aiki ba, mu kuwa suruki da suruka ke ɗauke da duka, sama da ƙasa. Kuma babu kunyar surukai a nan ko kaɗan, genro na zaune kusa da sogra suna cin abinci a tebur ɗaya yana tsokanarta, ni ne nake sunkuyar da kai a madadinsa.

Cunhado ce mai labari. Mijin 'yar'uwa ko ɗan'uwan mata ko na miji. Asalinta cognatus, wanda aka haifa tare, wato ɗan'uwa na jini sak, sai ta juye ta koma kan wanda aure ne kaɗai ya haɗa ku. Da na faɗi haka a tebur sai babban ɗan gidan ya kwashe da dariya yace ai su a nan cewa ake cunhado não é parente, wai shi ba dangi bane. Ashe har taken siyasa aka yi da ita a farkon shekarun 1960, lokacin João Goulart na shugaban ƙasa, Leonel Brizola na auren ƙanwarsa kuma yana son takara, tsarin mulki ya hana dangin shugaba tsayawa, sai magoya bayansa suka dinga cewa cunhado não é parente, Brizola presidente. Sojoji suka yi juyin mulki a 1964 zaɓen ma bai yiwu ba.

Na samu facala ma, concunhada, matan wa da ƙane. Na ji daɗin wannan sosai don ban zaci akwai ta ba.

26 ga Mayu

Enteado. Ɗan da miji ko mata suka zo da shi daga wani auren. Daga ante natus, wanda aka haifa kafin. Shi kenan ma'anar, an riga an haife shi kafin wannan auren, babu zagi a ciki babu gori. Na rubuta agola a gefe sai na tsaya, don na san yadda agola ke fita a bakin mutane a unguwa, na ga yaron da aka kira da ita a gaban abokansa ya bar wajen wasan. Ta ɗaya ɓangaren kuma su ne kalmarsu ke da ƙaya, padrasto da madrasta, mijin uwa da matar uba, wutsiyar kalmomin nan, aster a Latin, ta raini ce, abu mai kama da na gaske amma bai kai ba.

Na haɗa da na aure a gurguje. Marido daga maritus. Esposa daga sponsa, wadda aka yi alkawarinta. Casar yin aure daga casa gida, suna ma da karin magana quem casa quer casa, mai aure gida yake so, mu ma ai cewa muke ta tafi ɗakinta. Padrinho da madrinha iyayen baftisma, compadre da comadre kuma yadda iyayen yaro da waɗancan ke kiran juna.

36.

9 ga Yuni

Har na fara tunanin duk littafin Rum da Girka ne zai cinye. Larabawa sun shiga yankin a 711, ba a karɓe kudancin Fotugal daga hannun Musulmi ba sai 1249, sun bar açúcar sukari da azeite man zaitun da aldeia ƙauye da oxalá in sha Allahu, har fulano wato wane, amma cikin sunayen dangi na kusa da na bi babu tasu ko ɗaya.

Sai ga caçula. Mai gidan ce ta nuna ɗanta na ƙarshe, ƙato mai gemu, tace shi ne caçula ɗinta. Auta kenan. Na tambayi wani ɗan ajinmu ɗan Angola sai yayi murmushi yace wannan tamu ce, daga Kimbundu, ɗaya daga yarukan ƙasarsu, kasule. A Fotugal ba ita suka fi amfani da ita ba, sai su ce o mais novo ko benjamim, daga Binyaminu autan Annabi Yakubu. Ta jirgin bayi kalmar ta ƙetaro, Birazil ta karɓi mutanen Afirka sama da miliyan 4, mafi yawansu daga gaɓar Angola da Kwango, ba a soke bauta ba sai 13 ga Mayu 1888. Matan da aka kamo su ne ke goyon yaran gidajen iyayen gijinsu suna shayar da su, ina ganin ta nan ne kalma irin wannan za ta shige har cikin ɗaki ta zauna. Akwai Hausawa ma cikin waɗanda aka kawo jihar Bahia ta nan Birazil, suna cikin Musulmin da suka yi bore a birnin Salvador a watan Janairun 1835 tare da Yarabawa, na daɗe a daren ina tunanin a cikinsu akwai autan wata da aka bari tana jira.

Abokin nawa ya ƙara mun kota, babba ko dattijo, daga dikota na Kimbundu, yace matasan Lisbon ma yanzu da ita suke kiran iyayensu. Na sa xará kuma, takwara, wadda ta fito daga yaren Tupi na 'yan asalin ƙasar nan.

23 ga Yuni

Ɗan ƙarin shafi kan sunaye, don nan kalmomin dangi har cikin takardar haihuwa suke shiga. In an sa ma yaro sunan ubansa sai a liƙa Filho a ƙarshe, na kakansa Neto, na baffansa ko kawunsa Sobrinho. Shugaban Birazil na 1954 zuwa 1955 sunansa Café Filho.  Sannan es ɗin ƙarshen su Fernandes da Rodrigues da Henriques asalinsa ɗan wane ne, Fernandes ɗan Fernando, sarkin Fotugal na farko Afonso Henriques ɗan Henrique ne da gaske. Mu da ake ɓoye sunan da Abba ko Ummi ko Baffa saboda kunya, su a fili suke ƙara lamba.

Da gêmeo tagwaye daga geminus, kalma 41, na wuce abun da na ɗiba da ɗaya.

30 ga Yuni

Na fara bugawa a kwamfuta, shafi 9 zuwa yanzu, hancin ã da õ ne ke cin lokaci a kibod ɗina. Na yanke shawarar shafin tio zai zama na farko ba pai ba, kuma zan bar kalmomin Latin huɗun nan a jere da namu huɗun yadda na rubuta su ran 14 ga Afrilu.

Jiya da daddare na kira Kawu ta WhatsApp, yana zaune a ƙofar gida kan tabarma ana ta sallama ana wucewa. Nace Kawu kun san Rumawan da suna da suna na musamman da suke kiran kawu, ƙaramin kaka suke cewa. Yayi dariya yace to ai sun san abun da suke yi, ya tambayi karatu, ya tambaya ko ina samun abincin da ya karɓe ni, yace in gaida matar da ke riƙe da ni.

Yau da rana na isar da gaisuwar. Tace wane ne a ciki, na sake buɗe hoton na nuna mata shi, mai farar hula a gefen dama, wannan karon ban ce tio ba, nace o irmão da minha mãe, ɗan'uwan mahaifiyata, shi ya raine ni, a yarenmu Kawu ake cewa. Ta maimaita, kau, kawu, sau biyu har ta daidaita, tace in gaya ma Kawu tana amsawa kuma ɗansa na cin abinci.

Saura shafi 14 in buga, sai in nemi ɗan Angolan nan ya duba mun rubutun Kimbundu kafin in tura gida.